Littafin Atisayen Mat Ga Mai Fara Koyon Eshek: Tambayoyin Da Ake Yawan Yi Mini A Garwa

Ranakun Asabar bayan la'asar nakan zauna da yara a zaurenmu muna buga eshek. Tun da aka san da haka, kusan kowane mako sai an tare ni da tambaya, wani uba ne, wata uwa ce da ta aiko, wani kuma saurayi ne da ya koya a waya. Yawancin tambayoyin a kan abu ɗaya suke yawo: yaro ya iya tafiyar da 'ya'yan wasa, yana cin na abokinsa, amma ya kasa ƙarasa wasan. Ga amsoshin da nake bayarwa.

Malam, wannan wasan dam ne ko dara?

Ba ko ɗaya ba ne. Allon dam da ake bugawa a bakin titi a nan Kamaru gida 100 gare shi, goma ta goma, na eshek kuwa gida 64 ne, takwas ta takwas, kuma kowane ɓangare na da 'ya'ya 16. Mu nan da sunan Faransanci muke kiransa, a Injamena da Kusiri za ka ji masu Larabci na cewa shataranj, 'yan'uwanmu na Yola da Mubi kuma su ce ces. A zaurenmu sunayen 'ya'yan su ne sarki, sarauniya, hasumiya, giwa, doki da dakare. Giwa muka ɗauko daga Larabawa da ke ce mata fil, domin sunan da Faransawa suka ba ta yana nufin wawa, ni kuwa ba na son sa yaro ya riƙa faɗin haka.

Babban bambancinsa da dam shi ne yadda ake cin wasa. A dam ka cinye 'ya'yan mutum ko ka toshe shi. A eshek ko ka cinye masa komai, in ba ka kama sarkinsa ba, ba ka ci ba.

Mene ne mat, kuma me ya sa ake cewa da shi za a fara?

Idan aka kai wa sarki hari an yi masa eshek. Mafita uku yake da ita: ya gudu zuwa gidan da babu hari, a sa wani ɗa a tsakani ya tare, ko a cinye mai harin. In duka ukun sun gagara, ruwa ya ƙare wa ɗan kada, shi ne mat. Kalmar ta samo asali daga Farisanci, shah mat.

Dalilin farawa da shi a fili yake. Na sha ganin yaro da sarauniya da hasumiyoyi biyu yana bin sarki tsirara a allo, eshek, eshek, eshek, har aka kira magariba bai kama shi ba. Wanda bai san yadda ƙarshe yake ba bai san abin da yake nema tun daga farko ba. Shi ya sa ba na koya wa kowa salon buɗe wasa sai na ga ya iya rufe shi.

To me littafin atisaye ya ƙunsa? Ba irin littafin karatu ba ne?

A'a. Bayani kaɗan ne a ciki, zane ne ya fi yawa. Kowane shafi na ɗauke da ƙananan alluna, a ce maka fari ne da taku, nemo mat a taku ɗaya, ko biyu, ka rubuta amsa a ƙasa da fensir. Amsoshi suna baya. Amfaninsa maimaici ne. Ido ya ga siffar mat ɗaya sau talatin a kamanni daban-daban, sai ranar da ta bayyana a wasa na gaske ya gane ta kamar yadda kake gane ɗan unguwarku ko da ya sha rawani.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Tun a ƙarni na 9 masanan shataranj na Bagadaza irin su al-Adli suke tara irin waɗannan matsaloli a littafi, suna ce musu mansubat, daga baya as-Suli ya biyo.

Da wane mat ya kamata yaro ya fara, wanne zai biyo?

Ga jerin da nake bi, kuma ban ga dalilin sauya shi ba.

Da farko mat a taku ɗaya, da yawa, da kowane irin ɗa. A nan yaro ke koyon duba gidajen da ke kewaye da sarki ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu wanda ya fi faruwa a wasan gaske shi ne mat na layin baya, wanda masu Faransanci ke ce wa na lungu. Kowane gida a allo ana kiransa da harafi da lamba, a zuwa h a kwance, 1 zuwa 8 a tsaye. Ɗora baƙin sarki a g8, dakarunsa uku a f7, g7 da h7, farar hasumiya a e1. Hasumiya ta hau e8, shi ke nan. Dakarun da ke kare sarki su ne suka rufe masa ƙofa.

Sai mat na tsani da hasumiyoyi biyu. Baƙin sarki a e7, fararen hasumiyoyi a a6 da b1, farin sarki can a h1. Ta b1 ta hau b7 da eshek. Sarki ba zai sauko layi na shida ba saboda ta a6 na gadinsa, dole ya koma layi na takwas. Sai ta a6 ta hau a8, mat. Ɗaya na tsare, ɗaya na kora, kamar ƙafafun mai hawa tsani. Abu guda da yara ke mantawa: in sarki ya matso kusa da hasumiya zai ci ta, sai a janye ta zuwa ɗaya gefen allo a kan layinta, a ci gaba daga can.

Bayan haka sarauniya da sarki, sannan hasumiya da sarki, sannan mat a taku biyu. Daga nan ne ake shiga masu suna, irin mat na shaƙewa, inda sarki ke h8, hasumiyarsa a g8, dakarunsa a g7 da h7, doki ya sauka f7 ya gama da shi. Akwai kuma mat na Larabawa, doki a f6, hasumiya a h7, sarki a h8, yana cikin mafi tsufa da aka sani.

Ɗana ya dawo yana kuka, wai yana da sarauniya amma aka ce kunnen doki aka yi. An cuce shi ne?

Hajiya, ba a cuce shi ba, pat ya faɗa. Idan taku ya zo kan mutum, ba a yi wa sarkinsa eshek ba, kuma ba shi da wani taku da doka ta yarda da shi, wasa ya tashi babu wanda ya ci. Misali baƙin sarki a a8, farar sarauniya a b6, baƙi ne da taku. Gidajen a7, b7 da b8 duk sarauniya ta rufe su, amma shi a8 ɗin babu hari a kansa.

Wannan ya faru a gabana da wata yarinya 'yar shekara tara da ta fi kowa ƙwazo a zauren. Ta kora sarkin yayanta har kusurwa, ta ɗaga sarauniya tana murmushi ta ajiye, yayan ya duba ya duba ya ce ba shi da inda za shi. Ta yi shiru, idonta ya kawo ruwa. Ranar muka zauna na nuna mata dabarar: ki bi sarki da sarauniya kina tsayawa tazarar tsallen doki daga gare shi, kejinsa na ta raguwa, amma da ya isa gefe ki bar masa gida biyu da zai riƙa kai da kawo. In yana tsakanin a8 da b8, sarauniya ta zauna a d7 kada ta motsa. Sai ki taho da sarkinki a hankali har b6, sannan sarauniya ta sauka b7. Sarauniya ita kaɗai ba ta iya mat, sai da taimakon sarkinta. Daga kowane matsayi, mai buga daidai ba ya wuce taku 10.

Littafin kirki yana da shafuka na musamman da ake tambaya: wannan mat ne, pat ne, ko eshek ne kawai? In kin ga littafi babu irin wannan, ki sa a haɗa masa su da hannu.

Ni hasumiya ɗaya da sarki ne ke ba ni wahala. Ina bin sa yana zillewa.

Kowa ya sha wannan wahalar, ɗan'uwa, kuma a nan ake gane wanda ya fara fahimtar wasan. Matsalar ita ce yawan eshek. Eshek da ba ya rage wa sarki fili aikin banza ne. Yi amfani da hasumiya ka yanke allo, ka tsare shi a ɓangare ɗaya, ka matso da sarkinka, ka sake rage masa fili, har ya kai gefe.

Siffar ƙarshe ita ce sarakuna biyu su fuskanci juna da gida ɗaya a tsakani. Farin sarki a e6, baƙi a e8, hasumiya ta taso daga a1 ta sauka a8. Sarkinka ya rufe d7, e7 da f7, hasumiya ta riƙe layi na takwas gaba ɗaya.

Amma abokin wasa ba zai zo ya tsaya maka haka don kansa ba, sai ka tilasta masa. Gwada wannan a allo: farin sarki a e6, hasumiya a c1, baƙin sarki a d8, fari ne da taku. Mai gaggawa zai kai eshek a d1, sarki ya tsere ta c7. Amsar ita ce ka ɗan gusa da hasumiya zuwa c2, ko c3, muddin tana kan layinta. Ba ka kai hari ba, ba ka ci komai ba, ka dai miƙa masa taku. Gida ɗaya ya rage masa, e8, ya shiga, ya fuskanci sarkinka da ƙafarsa. Hasumiya ta hau c8, mat. Ranar da yaro ya gano wannan takun jira da kansa, fuskarsa kan nuna. Na fi son wannan atisaye a kan duk sauran.

Mai buga daidai yana gamawa cikin taku 16 ko ƙasa da haka. Doka kuma ta ce in an yi taku 50 kowane ɓangare ba a ci komai ba kuma dakare bai motsa ba, ana iya neman kunnen doki. Don haka ba a yawo da wannan mat.

Littafin da ƙanena ya kawo mini daga Najeriya amsoshinsa ba sa dacewa da abin da na koya. Kuskuren ɗab'i ne?

Ba kuskure ba ne, harshe ne ya bambanta, kuma mu da ke bakin iyaka mun fi kowa faɗawa wannan rami. Sunayen gidaje ɗaya ne a ko'ina, a zuwa h a kwance, 1 zuwa 8 a tsaye. Haruffan 'ya'ya ne suka saɓa. A littafin Faransanci R sarki ne, D sarauniya, T hasumiya, F giwa, C doki. A na Ingilishi K sarki, Q sarauniya, R hasumiya, B giwa, N doki. Ka ga R ɗin nan: a ɗaya sarki, a ɗaya hasumiya. Yaron da ya saba da na Faransanci in ya ga Re8 a littafin Ingilishi zai ta neman yadda sarki zai yi tsalle zuwa can.

Rubuta jerin biyu a bangon littafin daga ciki, magana ta ƙare. Dakare ba shi da harafi a duka biyun, alamar + eshek ce, # kuma mat.

Wane littafi zan nema?

Biyu nake ambata saboda na san aikinsu. Akwai tsarin mataki-mataki da Rob Brunia da Cor van Wijgerden suka fara a ƙasar Holan a 1987, ƙananan littattafai ne marasa kauri, an fassara su zuwa harsuna da dama har da Faransanci, kuma mataki na farko shi ne na mai farawa. Sai babban kundin László Polgár na ƙasar Hangari, mahaifin shahararrun 'yan wasan eshek Susan, Sofia da Judit, mai ɗauke da matsaloli 5,334. A ciki 306 na farko mat ne a taku ɗaya, 3,412 a taku biyu. Kusan babu rubutu a cikinsa, saboda haka harshe ba ya hana kowa amfana. Amma ya haura shafi dubu, kuma in ka ɗora wa ɗan shekara bakwai shi a cinya zai tsorata. Malami ko uba ne ya kamata ya riƙe shi, ya riƙa ɗebo wa yaro kaɗan-kaɗan.

In wani littafi ne daban ya faɗo hannunka, duba abu uku: zanen ya fito sarai har a bambance giwa da dakare, an fara da masu sauƙi, kuma akwai amsoshi.

A Garwa da Marwa ba a cika samun irin waɗannan a shagon littattafai ba. Yaya za mu yi?

Mai zuwa Yawunde ko Duwala ana iya ba shi saƙo. Kafin nan kada a zauna jira. Sayi kaye mai ƙananan murabba'ai irin na 'yan lekol, ka ja allo takwas ta takwas sau shida a shafi, ka rubuta haruffan 'ya'ya a gidajensu, fari da jan biro, baƙi da shuɗi. Misalan da na kawo a sama kaɗai in ka juya su, ka sauya kusurwa, ka sauya launi, za su cika maka shafuka. Ni nakan sa manyan yara su zana wa ƙanana, domin mai ƙirƙiro mat a taku ɗaya sai ya tabbatar babu mafita, kuma a nan yake koyo fiye da mai amsawa.

Allo ma haka. Kwali da murafen kwalba sun isa. A kula dai gidan kusurwa na hannun dama ya zama fari.

Yaro ya jera matsalar a allo ya yi ta gwadawa, ko da ido zai warware?

Ya jera, amma hannu a cinya. Ya duba, ya yanke shawara, ya rubuta amsa, sannan ya taɓa ya gani ko daidai ne. A gasa ɗan da ka taɓa shi za ka tafiyar, babu bari in gwada. Wanda ya saba da lalube a atisaye da lalube zai yi wasa. Tambayar da nake so ya yi wa kansa kafin ya rubuta ita ce mafita ukun nan: zai gudu, zai tare, zai ci?

Guda nawa a rana?

Shafi ɗaya, kwata ɗin awa, kullum, ya fi shafi goma ranar Lahadi. A watannin Maris da Afrilu da zafin Garwa ke kai wa maƙura, da sassafe ko bayan isha'i ya fi. Matsalar da ya kuskure a sa mata alama, a koma mata bayan kwana uku. Shafukan amsa kuwa, Alhaji, ka yage su ka ajiye a aljihunka. Ba rashin yarda da yaro ba ne, babba ma in amsa na kusa sai ido ya leƙa.

Tun da akwai waya, me za a yi da takarda?

Waya na da amfani. Lichess, dandalin eshek na intanet da wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ya kafa a 2010, kyauta ne, kuma yana da sashen da za ka gwada waɗannan mat ɗin da na'ura tana kare kanta. Wannan abu ne da takarda ba za ta yi maka ba. Inda na fi yarda da takarda shi ne wurin tilasta tunani. A waya yaro na dangwala taku, in ba daidai ba ya dangwala wani, har ya dace, ya wuce bai san dalili ba. A takarda kuskurensa na nan a rubuce ina gani, in gane ko doki ne ba ya gani ko takun baya na giwa. Ga kuma maganar caji da kuɗin data.

Wani yaro yana cinye kowa a taku huɗu. Shi ma a koya masa wannan?

A koya masa don ya kare kansa. Shi ne wanda masu Faransanci ke ce wa bugun makiyayi: sarauniya a h5, giwa a c4, dukansu sun auna f7, gidan da sarki kaɗai ke karewa a farkon wasa. Maganinsa sauƙi ne. Bayan 1.e4 e5 2.Dh5 Cc6 3.Fc4, baƙi ya buga g6, in sarauniya ta koma f3 ya fito da doki f6. Daga nan mai harin ne ke baya, domin ya ɓata taku yana yawo da sarauniya. Yaron da ya dogara da wannan dabara yakan tsaya cak ranar da abokansa suka gane ta.

Mat da giwa da doki fa?

A bar shi tukuna. Giwaye biyu na iya ɗaukar taku 19, giwa da doki har 33, kuma sai an kora sarki kusurwar da launinta ya dace da na giwar. A gasar Janeba ta 2013 mai riƙe da kambun duniya na mata a lokacin ma ta kasa kammala shi cikin taku 50. Dawakai biyu kuwa ba sa iya tilasta mat ga sarkin da ya rage shi kaɗai.

Malam, me addini ya ce game da wannan wasa?

Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na ɓoye wa iyaye abin da ke cikin littattafanmu. A Muwaɗɗa an ruwaito Imam Malik ya ƙi shi, Risala ma ta hana. A mazhabar Shafi'i an tafi a kan karhanci matuƙar babu caca. Inda babu saɓani shi ne haramcinsa in an sa kuɗi, ko ya sa aka bar salla. Duk uban da ya zo da wannan tambaya nakan ce ya je wurin malaminsa, abin da ya yanke game da ɗansa ina girmama shi. A zaurenmu ba a sa ko dala, kuma da ladan ya ɗaga murya ake rufe allo ko taku ɗaya ya rage.

Yaya zan san ya gama da wannan mataki?

Cika shafuka ba ya nuna haka. Zauna da shi, ka ɗauki sarki kaɗai ka ajiye a tsakiyar allo, e5 ko d4, ka ba shi sarauniya da sarki, ka yi iya ƙoƙarinka na gudu da neman pat. Ya kama ka sau uku a jere ba tare da ya wuce taku 20 ba. Sannan ka karɓe sarauniya ka ba shi hasumiya, wannan karon ka ba shi taku 30. In ya yi, sai ka buɗe masa shafin mat a taku biyu.